Kwaɗo a Bakin Tanki

Mutanen Yangoji ba su taɓa haɗa baki a kan Dallatu ba. Mata masu kai doya kasuwa cewa suke girman kai gare shi, sai ka gaishe shi ya wuce kamar iska ce ta kaɗa. Samarin tasha suka ce a'a, yaƙi ne ya shanye masa magana, don ya tuƙa motar soja a Kudu har aka gama, kuma abin da ya gano can bai bar masa sha'awar hira ba. Ishaya maƙeri, wanda ya fi kowa zama da shi, ya ce duk ba su san kan zancen ba. Bam ne ya tashi kusa da motarsa, kunnen hagu ya mutu murus, na dama kuma sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi. Abin da babu mai musu a kansa a wancan lokaci shi ne hannunsa. In Dallatu ya riƙe sitiyari, ko ƙwai ka ɗauko a faifai za ka kai shi lafiya.

Yamusa ne ya ɗauke shi aiki, ba a daɗe da gama yaƙin ba. Yamusa dattijo ne, manomin doya, kuma shi ya fara kawo mota garin, wata tsohuwar a-kori-kura da ya sayo a Minna. Bai iya tuƙi ba, bai kuma nemi koyo ba. Abin da ya iya shi ne tattali. A gidansa ba ka ganin kafa a buɗe. Rumbunsa ko tururuwa ba ta samun hanya, tulu in ya tsage ya liƙe shi, jinka in ta yi ɗigo kafin a sake ruwa ya hau. Haka ya ɗauki motar nan, kamar wani rumbu mai ƙafa.

Duk ranin nan motar ba ta ba su kunya ba. Su kwashi doya da mata 'yan kasuwa, su bi ta Kwali, su ratsa Gwagwalada, su haura Zuba, har cikin Abuja ta wancan zamani, garin Sarki da ke kusa da Dutsen Zuma. Matan da suka saba tafiyar ƙafa da kaya a kafaɗa sai ga su zaune bisa buhu suna cin gyaɗa.

Da hadari ya fara haɗuwa, wata safiya Yamusa yana goge motar sai ya lura da wani ɗan huji a tsakiyar murfin tankin mai, bai fi bakin allura ba. Ya kai hanci, ya ji ƙanshin fetur yana fita ta nan. Ransa ya sosu. Wato duk watannin nan mai yana tsiyayewa a iska, ga damina ta zo, ruwa zai riƙa shiga. Ya kira matarsa Asibi.

"Kawo min danƙon kaɗanyar nan da kike liƙe ƙwarya. Ki haɗo da garwashi."

Ya karyo ƙaya ya cusa a hujin, ya narka danƙo ya shafe, ya murza ƙasa a kai har wurin ya saje da sauran ƙarfen. Bai faɗa wa Dallatu ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, a ganinsa abin bai kai a yi wa kurma ihu a kansa ba.

A kasuwar da ta biyo baya motar ta fara abin da ta fara. Sun wuce Gwagwalada tana gudu lami lafiya, sai ta soma shaƙewa, ta riƙa fizga kamar akuyar da ake ja zuwa mahauta. Dallatu ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai nishi, gudu na raguwa, har ta gangara gefen hanya ta yi shiru. Ya sauko. Ya ɗaga murfin inji, ya taɓa wayoyi, ya hura nan ya goge can. Ya zagaya baya ya buɗe tanki, ya zura sanda, ya ga mai yana nan. Ya ɗan jira inji ya huce. Da ya murza makulli sai ta tashi garau, kamar ba ita ba.

"Me ya same ta?" in ji Yamusa, bakinsa a kunnen dama.

"Zafi ta ji, Maigida. Ina zato."

Daga ranar ba a sake sanin halinta ba. Zuwa Kwali da dawowa ba ta taɓa yin gardama. Wata rana ta je Abuja ta dawo ko tari babu. Wata rana kuma, musamman in an cika mata tanki an ɗaure murfin tamau, tun kafin Gwagwalada za ta fara. Ranar da suka ɗauki kayan bikin 'yar ƙanwar Yamusa za su kai Garki ta hanyar daji, tsayawa ta riƙa yi tana tashi, har masu kiɗan da aka bari a ƙafa suka cim musu, suka wuce suna yi wa motar kirari. Yamusa ya zauna a gaba, hularsa a gwiwa, bai san inda zai sa idonsa ba.

Suka kai ta wurin Baƙo makanike a Abuja. Baƙo mutum ne mai fara'a, kuma al'adarsa in an kawo mota ya fara buɗe tanki ya shinshina man, ya kife murfin a gefe, sannan ya shiga inji. Ya canza fulogi. Da aka komo ya wanke kafireto. Da aka sake komowa ya kwance famfon mai, ya duba, ya mayar. Kowane zuwa sai ya tayar da ita a gabansu, ta yi ta kaɗawa sumul.

"Baba, motarka lafiyarta ƙalau. Ji yadda take kiɗa."

"A nan take kiɗa. A hanya kuka take."

"To ka kawo min ita tana kukan."

"Ai in tana kukan ba ta zuwa, ɗan nan."

Baƙo ya yi dariya, ya goge hannu a wando. Sannan ya rage murya, ko da yake Dallatu yana tsaye dab da shi, ya ba shi kunnen hagu.

"Ni dai abin da na sani, inji in ya yi haka yunwa yake ji. Ko mai ba ya kai masa, ko kuma wanda ke kai masa ba mai ba ne. Akwai direbobin da ke zuƙe fetur su cike gurbin da kananzir. Ban ce naka ba fa, Baba."

Dallatu yana kallon injin, ya gyaɗa kai, don ya ɗauka bayanin gyara ake yi.

Maganar nan ta bi Yamusa gida. Ya so ya yar da ita, ta ƙi yaruwa. Ga matan kasuwa su ma sun fara nasu. Azumi mai daddawa, wadda bakinta ba ya jiran izini, ta tare shi a gaban mutane.

"Baba Yamusa, ni fa ina da tambaya. Me ya sa motar nan ba ta mutuwa a cikin gari sai a daji? Kuma kullum sai sojanka ya zagaya baya ya buɗe tanki. Me ya ajiye a ciki, goro?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ai in ya shafa tankin nan take tashi, ko dai matarsa ce. Yamusa ya yi murmushin dole ya wuce. Ya yi yanka a inda kakanninsa ke yi, Asibi ta kai sunan motar coci aka yi addu'a, Dallatu da kansa ya karɓo laya ya rataya a madubi. Motar ba ta san ana yi ba.

Ƙarshe Yamusa ya je maƙera. Ya ce wa Ishaya yana son maɗaurin ƙarfe da zai danne murfin tanki, da wurin sa kwaɗo.

Ishaya ya ajiye guduma. "Wa kake kulle wa?"

"Yara. Suna wasa da shi."

"Yara," in ji Ishaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ya hura wuta.

Da safe Dallatu ya zo ya tarar da kwaɗon yana sheƙi a bakin tanki. Ya tsaya. Ya kai hannu kamar zai taɓa, ya fasa. Ya dubi Yamusa, Yamusa yana duban buhunan da ake lodawa. Dallatu ya shiga ya tayar da mota.

Maɗaurin Ishaya ya danne murfin fiye da yadda hannu zai iya. Ko Kwali ba su yi nisa da ita ba motar ta shaƙe ta tsaya. Dallatu ya yi duk abin da ya saba a inji, ya jira ta huce, ya murza makulli. Ta yi tari ta mutu. Ya sake, haka. Ya zagayo wajen Yamusa ya miƙa hannu.

"Maigida, mabuɗin. In duba mai."

Matan da ke bisa buhu duk suka zuba musu ido.

"Da hannuna na cika shi da safe," in ji Yamusa da ƙarfi, don ya ji. "Duba wani wuri."

Dallatu ya mayar da hannunsa aljihu. Suka wuni a nan, rana ta dake su, yayyafi ya jiƙa su, kasuwa ta ci ta watse ba su. Sai da la'asar ta yi sanyi motar ta yarda ta tashi, ta ja jiki ta mai da su gida da ƙyar. A ƙofar gida Dallatu ya zare makullin mota ya ɗora bisa turmin Asibi.

"Allah ya bar zumunci, Maigida."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Yamusa ya so ya ce ai ni ban kira ka ɓarawo ba. Gaskiya ne, bai kira shi ba. Amma duk wanda ya ga kwaɗon nan ya ji abin da ya ce, har a tashar Gwagwalada.

Ba a jima ba wani Philip, mai gingimari daga Abaji, ya zo har gida. Direba yake nema, an ce masa babu kamar Dallatu, sai dai ya ji ƙishin-ƙishin. Ya ce ba zai ba shi mota ba sai ya ji daga bakin wanda ya zauna da shi. Yamusa ya ci gaba da sassaƙa ƙotar fartanya. Bai ga komai da idonsa ba, amma kuma in ya wanke Dallatu, me zai ce game da kwaɗon?

"Tuƙi kam ya iya," in ji shi. "Zuciya kuwa Allah kaɗai ya san ta."

Philip ya yi godiya ya tafi, bai nemi Dallatu ba. Babu kuma wanda ya neme shi bayan nan. Mutumin da ya ratsa yaƙi da motar soja ya koma gindin ɗorawa a bakin kasuwar Kwali, da famfon hannu da gwangwanin gam, yana facin tayar keke.

Yamusa ya ɗauki sabon direba, Enoch, saurayi mai baki daga Gwagwalada, wanda ya ce shi mota ba ta yi masa taurin kai. Kafin sabuwar doya ta fito bakin ya mutu. Yanzu Yamusa ke zuba mai da hannunsa, shi ke kullewa, mabuɗin yana rataye a wuyansa, amma motar ta fi da lalacewa. Ba ɓarawo, ba kananzir, ga ciwo yana nan. Yamusa ya daina cin abinci sosai. In ya zauna a ƙofar gida sai ya ƙura wa motar ido kamar mai jinyar da boka ya sallama.

Ranar da aka ɗauki doyar fari za a kai Abuja, ta mutu a hawan da ke kafin Zuba, da rana tsaka. Enoch ya daki taya da ƙafa.

"Oga, wallahi motar nan aljani gare ta. Ko dai man ne ya ƙare?"

"Na cika shi."

"To a duba mana. Ni ba ni taɓawa, kar a ce na sha."

Yamusa ya zagaya baya. Bai taɓa buɗe tankin nan a hanya ba, kullum da safe yake buɗewa, bayan motar ta kwana a tsaye. Ya cire kwaɗon, ya kama murfin, ya ji ya ƙi juyawa kamar ana riƙe da shi daga ciki. Ya sa ƙarfi. Sai ya ji wata doguwar zuƙa, fuuu, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci aka sake shi. Cikin tankin ya yi ƙara, ɓam, ƙarfen da ya lotsa ya koma daidai.

"Kai! Ka ji?" Enoch ya taho da gudu. Ya karɓi murfin ya juya shi a rana. "Ina hujin wannan? Kowane murfi da ɗan hujinsa, Oga, ta nan tanki ke shan iska. In ka kafa baki a gora ka rufe ruf, ruwa yana fitowa?" Ya kankare da farce, danƙo ya ɓare, kan ƙaya ya bayyana. "La ila! Wane sakarai ne ya toshe wannan?"

A tsaye a nan komai ya jeru a gaban Yamusa. Duk sanda Dallatu ya buɗe tanki don duba mai, iska ke shiga, shi ya sa motar ke tashi. Kuma zuƙar nan da ta cika masa kunne yanzu, a gaban Dallatu ta yi ta yi duk damina, shi kuwa kurma, bai ji ba. Baƙo kuwa kafin ya taɓa inji ya riga ya buɗe murfin.

"Sojan nan ne, ba shakka," in ji Enoch, yana zaro ƙayar da ɗan guntun waya. "Ga sata ga jahilci. Allah ya raba ka da shi, Oga."

Yamusa ya buɗe baki. Matan kasuwa suna leƙowa daga saman doya, Azumi a gaba. Ya rufe bakin.

Motar ta haura Zuba kamar doki, ta je Abuja ta dawo ba ta yi tari ba, kuma ba ta sake yi ba. Kowa ya yi murna ban da mai ita. Enoch ya ba da labarin a kowace tasha, kowane bayarwa yana ƙara gishiri. Da ana cewa Dallatu ɓarawo ne mai iya tuƙi, yanzu aka ce ko motar ma bai sani ba.

Labarin ya iso wa Asibi a bakin rafi. Ta dawo ta sauke tulu daga kafaɗa, ta tsaya a kan mijinta.

"Baban yara, ƙayar nan da ake magana. Ba ni na kawo maka garwashi ba?"

Bai ɗago ba.

A gidansu Yamusa babba ba ya ba ƙarami haƙuri da baki. Aikawa ake yi da abu, wanda aka aika wa ya gane, magana ta mutu. Haka ya ga ubansa ya yi, haka kakansa. Ya zaɓi manyan doya da jan zakara ya ba Asibi ta kai Kwali. Da yamma ta dawo da su yadda ta tafi da su.

"Ya ce a gaishe ka da kyau. Ya ce bai yi maka aikin da za a biya shi ba." Ta kwance ƙafar zakaran ta sake shi. "Kuma Ishaya ya ce min yana shirin barin ƙasar nan, zai tafi inda ba a san shi ba. Tsohuwarsa tana ta kuka. Zakara ba zai faɗa masa komai ba, Baban yara. Bai ma san abin da ka sani ba."

Kasuwa ta ci, wata ta ci, Yamusa yana cewa gobe. In motar ta zo wucewa ta gindin ɗorawar sai ya sunkuyar da kai kamar yana neman abu a ƙasa. Ya shirya maganar a gona, ya faɗa wa kunyar doya ita tiryan-tiryan, amma da ya hango rumfunan Kwali sai ta narke.

Ranar da ya je, da ƙafa ya je, kwaɗon da maɗaurin ƙarfen suna cikin jakarsa. Kasuwa ta cika. Injin niƙa yana ruri, mahauta suna sara, Fulani mata suna kiran nono. Dallatu yana zaune bisa wata tsohuwar taya, ya tsoma tiyub a kwano yana neman inda ke fitar da iska. Ya rame. A gefensa akwai akwatin ƙarfe na soja, an ɗaure da igiya.

Yamusa ya tsuguna kusa da shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Sai da ya gama ya tuna ta hagu ya zauna.

Dallatu ya ɗago, ya gan shi, ya ɗan rusuna. "Sannu da zuwa, Maigida. Faci ne? Ina tayar?"

Yamusa ya zagaya dama. Ya ciro kwaɗon da maɗaurin ya ajiye a gabansa. Ya sake faɗa, da muryar da mutum ke magana da ita a ɗaki. Dallatu ya dubi kwaɗon, ya dubi bakin Yamusa, ya karkato kai.

"Ban ji ba, Maigida. Injin nan ya cika ƙara. Ɗaga murya."

Yamusa ya waiga. Ga Azumi a bayan tallan daddawarta, ta daina ciniki. Ga Ishaya da lauje a shimfiɗe. Ga Enoch da samarin tasha a jikin motar, ga surukansa, ga mutanen da suke tsugunawa su gaishe shi tun suna yara. Babu wata hanya da maganar za ta shiga kunnen Dallatu ba ta bi ta kunnuwansu ba.

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya cire hula. Ya ja numfashi irin wanda yake ja in zai kira mutum daga wancan ƙarshen gona.

"Dallatu! Ni na toshe hujin nan, da ƙaya da danƙo, da hannuna! Ba ka taɓa min mai ba, ko ɗigo! Na sa maka kwaɗo a gaban mutane. Philip ya zo ya tambaye ni, na ƙi wanke ka. Da gaskiya ta fito kuma na yi shiru aka ɗora maka. Na zalunce ka, Dallatu. Don Allah ka yafe mini."